Kwalba Mai Lamba Huɗu

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Talata wayar ofis ta yi ƙara. Insifeta yana tsaye ya ɗauka, don shi ba mutum ne mai zama ba. Abokan aikinsa sukan ce kujerarsa ta fi ta kowa sabunta.

Shugaban babban asibitin garin ne. Ya ce an sace allurar kashe zafi guda ashirin a ɗakin masu tiyata, irin wadda ake kullewa a akwatin ƙarfe.

"Kada ka wahalar da kanka, Insifeta. Mun riga mun gano ɓarauniyar. Zuwa kawai za ku yi ku ɗauke ta."

Insifeta ya ajiye waya ya dubi Saja, macen da suka shekara shida suna aiki tare.

"Yau mun huta ke nan, an yi mana aikinmu," in ji ta.

"Ɗauko jakarki. Tun da nake aikin nan, wanda aka yi mini shi ya fi ba ni wahala."

A asibiti aka kai su ofishin Metiron, shugabar ma'aikatan jinya. Dattijuwa ce mai tsafta, shekara talatin da ɗaya tana aiki. Tana zaune a karkace, ta tokare bayanta da ƙaramin matashi.

"Yaya aka gano?" Insifeta ya tambaya.

"Jiya da safe wani da aka yi wa aiki ya yi ta ihu, alhali an yi masa allura. Likita ya ce a buɗe akwati. Kwali biyu, an cire maganin an jera ruwan allura a madadinsa. Girmansu ɗaya, sai ka karanta rubutun za ka gane."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Duk wadda ke shugabantar aiki a ranar. Mu biyar ne muke karɓa-karɓa."

"Amma an ce ku shida ne a ɗakin."

Metiron ta sauke numfashi.

"Ta shidan ba ta taɓa makulli. Ita ce wadda kuka zo dominta. Auta muke kiranta, kamar yadda ubanta ke kiranta."

Ta yi musu bayani a taƙaice. Shekara biyu da suka wuce an gwada fitsarin Auta aka samu wannan magani a jikinta. Hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi ta dakatar da ita wata shida, ta je aka yi mata magani. Daga nan aka mayar mata da lasisi bisa sharaɗi. Ba ta riƙe makulli, ba ta yin allurar nan, kuma duk ranar da aka kira ta gwaji dole ta kai fitsari kafin awa huɗu. In aka sake samu sau ɗaya, lasisin ya tafi har abada.

"Saura kwana goma sha ɗaya sa idon ya ƙare," in ji Metiron. "Ni na tsaya mata a gaban hukuma, Yallaɓai. Ana ce mini an ba kura ajiyar nama, na ce a bar mini yarinya. Jiya shugaba ya sa aka gwada mu shida duka. Yau sakamako ya fito. A kwalbar fitsarinta kaɗai aka samu maganin."

"An sanar da hukuma?"

"Takarda ta tafi da safe. Ranar Alhamis za su zauna."

Insifeta ya zagaya teburin sau ɗaya, ya leƙa taga, ya dawo.

"Mutumin da ba ya riƙe makulli, ta ina ya buɗe akwati?"

"Mai neman abin nan ba ya rasa hanya. Makulli yakan kwana a aljihun riga, riga kuma tana rataye."

An ajiye Auta a ɗakin canza kaya. Siririya ce, ba ta fi shekara ashirin da takwas ba. Tana zaune a kan benci tana murza agogon da ake maƙalawa a ƙirji. Da suka shiga ta miƙe.

"Zauna," in ji Saja. "Kin san abin da aka samu?"

"An faɗa mini."

"Me za ki ce?"

"Ban sha ba, ban yi allura ba. Na san haka kowa yake faɗa. Ni ma haka na faɗa wancan karon, kuma ƙarya nake yi. Shi ya sa ba na jin haushin wanda bai yarda da ni ba."

Saja ta kama hannayenta ta juya su, ta duba gwiwar hannu da tsakanin yatsu. Tsofaffin tabo ne kawai.

"Sau nawa aka gwada ki a shekara biyun nan?" Insifeta ya tambaya.

"Na daina ƙirgawa bayan tamanin. A ɗakin nan 'Yar Kwalba suke kirana in na juya baya."

"To kin san ƙa'idar aikin. Faɗa mini."

"A gabanka ake rufe kwalba. A gabanka ake manna lamba, ka sa hannu a kan tambarin. Shaida biyu suna tsaye."

"Haka aka yi jiya?"

Ta murza agogon.

"Jiya hankalin kowa a tashe yake. Ina miƙa kwalbar aka ce gado na bakwai yana amai. Mama ta ce in je, za ta manna."

"Wace ce Mama?"

"Metiron."

"Ke da kika yi sau tamanin, kika tafi kika bar kwalba ba lamba?"

"Yallaɓai, in na ce wa Mama ban yarda ba, da wane baki? Ranar da aka dakatar da ni, ita ta kai ni gida a motarta."

Insifeta bai kama ta ba. Ya ce ta koma gida, kada ta bar gari.

A baranda wani dattijo ya tare su. Ya kai ya kawo har masu shara sun gaji da kauce masa. Hularsa tana hannu, ya murɗe ta kamar tsumma.

"Yallaɓai, ni ne ubanta. Tela ne ni, ban yi boko mai nisa ba, amma ina da magana."

"Faɗi, Baba."

"Wancan karon ni na fara ganewa, ba asibiti ba. Na ga tana barci da cokali a hannu. Tun daga lokacin ban sake barci mai nauyi ba. In ta daɗe a banɗaki sai na ƙwanƙwasa. Uwarta tana cewa zan haukatar da yarinya. Na ce gara ta haukace a gabana."

"Na ji, Baba. Amma gwaji ya nuna."

"To ƙwayar fa?"

"Wace ƙwaya?"

Dattijon ya zaro wani ƙaramin kwali daga aljihu.

"Likitan hukuma ya ɗora ta a kai. Ɗaya kullum da safe. Ni nake ba ta da hannuna. Sai ta haɗiye ta buɗe baki, ta ɗaga harshe na gani. Mace mai shekara ashirin da takwas, ina duba mata baki kamar akuyar sayarwa, kuma ba ta taɓa yi mini musu ba. Ko jiya na ba ta. An ce mini mai shan wannan, ko an yi masa allurar ba zai ji komai ba. To me za ta yi da ita?"

"Uba yakan rufa wa 'yarsa asiri, Baba."

"Na rufa wancan karon wata uku, na ga inda ya kai mu. Ba zan sake ba."

Insifeta ya karɓi kwalin ya wuce ɗakin magani. Mai harhaɗa magani ya sa tabarau ya karanta.

"Gaskiya ya faɗa. Wannan toshe hanya take yi. Mai shanta kullum, allurar ba ta yi masa daɗin da yake nema."

"Tana fitowa a fitsari?"

"In an neme ta. Gwajin jiya ba ita ya nema ba. Na'ura abin da ka tambaye ta kaɗai take faɗa maka."

"Kamar shaidunmu," in ji Saja.

Suka gangara ɗakin gwaji. Mai gwajin ya buɗe firji ya nuna musu kwalabe shida a jere, kowace da sauran rabi a ciki, an manna musu lamba ɗaya zuwa shida. Ta huɗu ce ta Auta.

Insifeta ya sunkuya ya duba.

"Ina sa hannun masu su?"

"Haka aka kawo mini su."

"Kuma ka karɓa?"

"Yallaɓai, Metiron da kanta ta kawo. Ta girmi aikina."

"Za ka iya neman ƙwayar nan a ciki?"

"Ba mu da na'urar. Sai babban ɗakin gwaji na gwamnati. In an kai yau, gobe da yamma."

"Ta huɗu kaɗai za a kai?" Saja ta tambaya.

"Duka shida. In babu ƙwayar a ta huɗu, ko dai tsohon ya yi mana ƙarya, ko fitsarin ba na 'yarsa ba ne. In ba nata ba ne, to nata yana cikin sauran biyar."

Ya sa aka rufe kwalaben a gabansa, ya sa hannu a kan kowace. Saja ta ɗauke su da kanta ta tafi. Ya gargaɗi mai gwajin kada ya faɗa wa kowa abin da ake nema.

Saura shaida ta biyu. A takardar gwajin jiya akwai sa hannu biyu, na Metiron da na wata nas da ake kira Doguwa. Ya same ta tana canza wa wata mara lafiya ruwa, ya jira ta gama.

"Kina tsaye aka manna lambobin nan?"

"Ina tsaye, Yallaɓai."

"Duka shida?"

"Duka."

"Wa ya fara bayarwa?"

"Ina jin... Metiron ce."

"Wa ya biyo ta?"

Doguwa ta dubi ledar ruwa kamar amsar tana ciki.

"Da wane irin biro aka rubuta lambobin?"

"Shuɗi."

"Baƙi ne. Sista, ki yi tunani. Kin sa hannu cewa kin ga abu. In ba ki gani ba, lasisinki ma yana kan tebur. Gara ki faɗa mini yanzu a nan da ki faɗa wa alƙali."

Idonta ya kawo ruwa.

"Ban gani ba. Ina wajen mai ihun nan. Bayan an gama Mama ta kawo mini takarda na sa hannu a tsaye."

"Yau kika fara?"

"Yallaɓai, mu biyu ne a kan gado ashirin da shida. In an buɗe allura aka yi rabi, ƙa'ida ita ce a zubar da sauran a gaban mutum biyu. Wa ke da lokacin tsayawa kallon zubar da ruwa? Sai dai a ce, Doguwa sa mini hannu. Ni ma haka nake cewa. Duk haka muke yi."

"Wa ya fi kawo miki takardar?"

Ta gyara bargon mara lafiyar da bai buƙatar gyara.

Ranar Laraba ta yi wa Insifeta tsawo. Shugaban asibiti ya bugo sau uku yana tambaya me ya sa ɓarauniya take kwana a gida. Insifeta ya fara rubuta rahoto ya yaga, ya sake farawa. Tun hantsi tela yake ƙofar ofishin 'yan sanda. An ba shi benci ya ƙi zama. Ya je bakin titi ya dawo, ya tambayi mai gadi lokaci, ya sake tambaya.

"Baba, ka koma shago. In an samu labari za a kira ka," in ji Insifeta.

"Na je. Na ɗinka hannun riga a wuya. Gara in tsaya nan."

"Kai da Baba kamar uwa ɗaya ta haife ku," Saja ta ce wa Insifeta. "Ku biyu kun cinye mana simintin ƙofa."

Ƙarfe huɗu da rabi takarda ta iso. Insifeta ya karanta a tsaye, ya miƙa wa Saja, ya ɗauki makullin mota. Ya ce wa tela ya je ya zo da 'yarsa asibiti.

Metiron tana ofis tana shirya jadawalin mako. Insifeta ya rufe ƙofa. Saja ta tsaya a jikin ƙofar.

"Hajiya, kin san ƙwayar da Auta ke sha kullum da safe?"

"Na sani. Yana cikin sharuɗɗanta."

"Mun neme ta a kwalba ta huɗu. Babu ko alama."

"To ta daina sha ke nan. Haka suke yi in za su koma."

"Ni ma abin da na fara tunani ke nan. Shi ya sa na sa aka duba duka shidan. An same ta a guda ɗaya." Ya ajiye takardar a gabanta. "Kwalba mai lamba ɗaya. Ta wace ce?"

Metiron ta dubi takardar ba ta taɓa ta ba.

"Jerin sunayen da hannunki aka rubuta shi. Lamba ɗaya ke ce. Kina shan ƙwayar Auta?"

"Wataƙila a ɗakin gwaji aka rikita."

"Mai gwaji ya karɓe su da lambobi a manne. Doguwa ba ta wurin. Auta kin aike ta gado na bakwai. Daga banɗaki zuwa ɗakin gwaji, hannu ɗaya ne ya riƙe kwalaben nan. In kina so, Saja ta raka ki yanzu ki ba da sabo, a manna lamba a gabanki."

Metiron ta zare matashin daga bayanta ta ɗora a cinya.

"Shekara huɗu da suka wuce wani mara lafiya ya zame daga gado, na tare shi ni kaɗai. Wani abu ya yi ƙara a bayana. Aka rubuta mini magani na wata biyu. Wata biyu suka ƙare, ciwon bai ƙare ba, aiki kuma bai tsaya ba."

"Sai kika fara da ragowar da ake zubarwa."

"Da ita na fara. Abin da za a zubar ne, na ce ban cuci kowa ba. Daga baya rabi ya daina isa."

"Kika sa wa mutumin da aka yanka ruwa."

Ta rufe ido.

"Me ya sa kika zaɓi Auta? Don kowa zai yarda?"

"Ba shi na fara tunani ba. Wallahi ba shi ba ne. Da shugaba ya ce a gwada kowa, na tsaya da kwalabe shida a gabana. Ban san abin da sauran suke sha ba, wata maganin tari, wata na barci. Mutum ɗaya ce a duk asibitin nan na tabbata jikinta wanke yake. Ni nake sa hannu a rahotonta kowane wata. Na san ta fi mu duka tsabta." Ta matse matashin. "Tata nake so. Sai da na manna sannan na tuna inda tawa za ta faɗa."

"Kin tuna, kuma kika kai su haka."

"Na kai."

Insifeta ya faɗa mata laifin da ake tuhumarta da shi. Saja ta rubuta jawabinta, ta karanta mata, ta sa hannu. Metiron ta roƙi a bar ta ta fita ba ankwa har mota. Insifeta ya yarda.

A baranda Auta tana tsaye da ubanta. Ma'aikata sun leƙo daga ɗakuna. Tela ya dubi fuskar Insifeta kawai.

"Ba nata ba ne, Baba. Gobe da safe ni zan kai takardar gwajin gaban hukuma da hannuna, tare da jawabin da aka sa wa hannu."

Dattijon ya laluba bayansa ya samu benci, ya zauna.

Metiron ta zo daidai Auta ta tsaya. Ba ta iya ɗaga ido ba.

"Auta..."

"Mama, kada ki ce komai yanzu. Ba zan iya ji ba."

Saja ta taɓa gwiwar hannun dattijuwar, suka ci gaba da tafiya. Sun kusa ƙofa Auta ta bi su da sauri, ta tsayar da Saja.

"Anti, yaushe rabonta da allurar?"

"Ta ce tun shekaranjiya da aka gano satar aka canza makullin akwatin."

"To yau da gobe ne masu wuya. Za ta yi amai, za ta yi rawar sanyi ko da ana zafi. Kada ku bar ta ita kaɗai a ɗaki. Ku sa likita ya gan ta yau, ku ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Bargo biyu, ɗaya zai jiƙe."

Saja ta ciro littafinta ta rubuta.

Metiron ta ji duka. Ta dafa ƙofar mota. Insifeta ya jira ta har ta iya sunkuyar da bayan nan nata, ta shiga, sannan ya rufe ƙofar a hankali.